Kwalaben Shekarar Odile

Ranar da Philibert Vauthrin ya cika shekara saba'in aka gano ɓarnar, kuma a kan teburinsa, a gaban baƙi, wanda shi ne ya fi ƙona rai.

A garin Corvelle ba a yi wa babban mutum biki sai an sauka ɗakin ƙasa an ɗauko tsofaffin kwalaben jar giya an jera, a ɗanɗana wannan a ɗanɗana waccan, a yi ta musu har abinci ya huce. Uku aka buɗe ranar: ta shekarar auren Philibert, da ta shekarar da aka yi fari, da ta shekarar da aka haifi 'yarsa Odile. Wannan ta ukun kowa ke jira. Duk gidan da ke da gonar inabi, in an yi haihuwa uba kan ware kwalaben shekarar ya kwantar da su da sunan jaririn, daga ranar kuwa sun tashi daga nasa. Na Odile sun haura shekara arba'in a kwance.

Uban na can yana gaisawa da mutane, sai Odile ta sauka da kanta ta zaro ɗaya daga ƙasan jeri. Aka zuzzuba. Fada, limamin cocin garin, wanda ba a taɓa bikin da ya wuce shi ba, ya kai hanci, ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali.

Ya ce, "Philibert, wannan giya ko yaye ta ba a yi ba."

Daga nan aka ɗunguma ƙasa, maza da mata, ana haska kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabin na Odile an buɗe su, an juye abin da ke ciki, an ɗura giyar shekaran jiya, an toshe, an liƙe da kakin zuma, an mayar kamar ba a taɓa ba.

Gaëtan, mijin Odile, shi ya fara kiran suna. "Wa ke da makulli bayan mu? Tiago."

Tiago ɗan Fotugal ne. Ya fi shekara ashirin yana yi wa gidan aiki, yana zaune da matarsa Amélia a ɗan gidan da ke bakin gonar. Amma a Corvelle shekara ashirin ba ta mai da mutum ɗan gari. Kakan mai gidan burodi daga bayan tudu kawai ya zo, har yau ana tuna wa jikokinsa. Kafin gari ya waye kowa ya tuno cewa dama shi bai taɓa yarda da idon mutumin nan ba. Philibert ya yanke magana: Tiago ya kwashe kayansa kafin Lahadi, in ya ƙi a kira 'yan sandan jandarma.

*

Lazare yana bayan gidansa yana wanke wa karyarsa ƙafa Odile ta same shi. Shi ake kira in maharba sun harbi aladen daji ya gudu da rauni, shi da karyar su bi jini da sawu har su cim masa. In saniya ta ɓace ko an sace turakun gona, nan ma shi ne. Mutum ne mai baki, ba ya gaisuwa sai ya ga dama, kuma yana sane da cewa duk kwarin nan babu mai idonsa, ba ya kuma ɓoye hakan.

Odile ta ce, "Kawu Lazare, ka ji abin da ya faru."

"Kurma ma ya ji. Me ya kawo ki? Ai kun riga kun kama ɓarawo."

"Ban yarda Tiago ba ne. A hannunsa na koyi aikin inabi." Ta ƙara da ƙaramar murya, "Ina tsoron mijina ne. Yana yawan sauka ƙasa shi kaɗai. In shi ne, gara in ji daga bakinka da in ji daga bakin jandarma."

"Ubanki ya san kin zo?"

"A'a."

"To da kyau. Da ya sani da ban je ba."

Shi da Philibert benci ɗaya suka zauna a makaranta, tun daga lokacin kuma ba su daina zagin juna ba. Ana gayyatar Lazare cin abinci a gidan, amma rabonsa da ɗakin ƙasa shekara talatin, tun ranar da Philibert ya koro shi a kan yana warin taba da kare. Hancin Philibert kuwa ba abin wasa ba ne. Shi ke alƙalanci a gasar giya ta gari, shi ke faɗin gangar da za a ɗura da wadda za a bari, kuma ya taɓa hana matar magajin gari sauka saboda ta shafa turare. Lazare ya ɗaure karyar, ya ajiye lofensa a kan taga, ya zura tsohuwar kwat ɗinsa ta farauta, ya bi ta.

*

Odile ba ta sauka ba. Ta tsaya a saman matakala ta rufe rabin fuskarta da gyale. Lazare ya ɗauka kuka take, ya ƙyale ta.

Yana haska ƙasa ya fara zagi. Baƙin biki sun tattake wurin kamar garken shanu a mashaya, takalmin Fada a kan na mai burodi, tsinin takalman mata ko'ina. Wajen gangunan sawun Tiago ne birjik, ƙatuwar ƙafa mai jan dunduniyar hagu, amma nan wurin aikinsa ne, da ba a gan shi ba ma da sai a yi tambaya. A can kusurwa, bayan wata tsohuwar ganga, akwai sawun takalmin birni mai sulɓin ƙasa, an zo an tsaya, an sake zuwa an tsaya.

Ya bar ƙasa ya koma kan ɗan dakalin dutse da ke jikin bango, kusa da jerin Odile. Ƙura ce a kai mai kauri, a cikin ƙurar kuwa ga shatar gindin kwalba, zagaye a kan zagaye. Wasu sabbi fes, wasu ƙura ta fara cike su, wasu sai ka kwantar da fitila za ka gan su. Gefensu ɗigon kyandir. A ƙasa ramuka uku na ƙafafun 'yar kujera. Dab da ramukan, ƙasar ta yi baƙi ta daskare. Ya kankaro da farce ya murje, ja ce har ciki.

"Wa ya ba ka izinin shigowa nan?"

Philibert ne, yana saukowa da ƙyar saboda gwiwa. Ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, yana duba hannuwansa da bayansa.

Lazare ya ce, "Mai kwalaben ce. Kai meye naka a ciki?"

"Gidana ne, tsohon banza." Ya sake dubansa daga sama har ƙasa. "Ko ba komai yau ka bar karyar da lofen a gida. Ka zo tsaf kamar mutum. Shekara talatin kafin ka koyi ladabi."

"Wa ke zama a nan?"

"Ina na sani? Tambayi ɗan Fotugal."

"Duba nan. Tsohuwar giya in ta daɗe a kwance, ka fi ni sanin ba a buɗe ta haka nan. Sai an tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu guggubin ya sauka gindi, sannan a zuba a hankali a gaban kyandir. Mutumin nan haka ya yi wa kowace. Ya tsayar, ya tafi, ya dawo, ya ja kujera ya zauna. Kuma ba rana ɗaya ba, wasu shatar sun fi shekara. Ka taɓa ganin ɓarawon da ke jiran guggubi?"

"Na ga ɓarawon da na koya wa aiki da hannuna."

"To me ya sa bayan duk wannan tarairaya ya zubar da ita a ƙasa?"

Philibert ya dubi wurin da ƙasar ta yi baƙi, ya kau da kai. "Ka je ka bi aladunka, Lazare. Lahadi dai Lahadi ce."

*

A ɗan gidan bakin gona an fara ɗaure kaya. Amélia na naɗe faranti da tsofaffin jaridu. Lazare na shiga ta tashi ta buɗe taga, duk da sanyin da ake yi, ba ta ce masa ya zauna ba.

Tiago na zaune yana wasa almakashin datse rassa, abin da ba shi da sauran amfani gare shi a gonar nan.

Lazare ya ce, "Kai ka yi?"

"An ce ni ne."

"Ba abin da aka ce na tambaye ka ba."

"Kai ma ɗan garin nan ne. Ka je ku ƙarasa shawararku."

"Kai, kada ka kawo mini fushin da ba ni na jawo ba. Wa ke da makulli?"

"Maigida, da Odile, da ni. Mijinta yana ɗaukar nata."

"Ka taɓa ganin kwalba a tsaye a kan dakalin nan?"

Hannun Tiago ya tsaya a kan dutsen washi. Lazare ya gani, don irin wannan tsayawar ita yake nema a daji, inda dabba ta yi jim kafin ta sauya hanya.

"Ni ganguna nake kula da su. Ba na kallon dakali."

Amélia ta dire faranti har ya kusa fashewa. "Faɗa masa mana! Jiya na je sayen burodi matar nan ta ajiye mini canji a kan teburin shago don kada hannunta ya taɓa nawa. Ni da na yi jinyar uwarta! Kai kuma kana zaune kana…"

"Amélia, ya isa."

"Bai isa ba! A ɗakin nan na haifi 'ya'yana. Itacen ɓauren da ke ƙofa ni na dasa shi."

Tiago ya ci gaba da washi. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Akwai sauran kwana kafin Lahadi. Ina jira."

"Jiran me?"

Tiago ya juya almakashin ya ci gaba da aikinsa. Lazare ya fito ransa a ɓace. Ya tabbata mutumin ya san wani abu, kuma ba kansa yake karewa ba.

*

Gaëtan yana ofishinsa na saman rumbu, inda yake yi wa baƙin ƙasashen waje daɗin baki a waya. Ɗan birnin Lyon ne, mai gyaran gashi da takalmi mai sheƙi. Da Lazare ya matso sai ya ja kujerarsa baya har ta bugi bango.

Lazare ya ce, "Ɗaga ƙafarka."

"Me?"

"Ba sai ka ɗaga ba ma, na gani. Me kake yi a bayan tsohuwar ganga?"

"Kai wa ya naɗa ka alƙali? Ina da damar shiga duk inda nake so a gidan matata."

"Gidan matarka, to madalla da ka sani. Na ji a birni akwai masu sayen tsohuwar giya ko a tulu aka kawo ta, ba sa tambayar daga ina. Kai ka fara kiran sunan Tiago, tun kafin a gama haska kwalaben. Saurin me kake yi?"

Fuskar Gaëtan ta yi ja. Ya tashi ya rufe ƙofa. "Ka rantse ba za ka gaya wa Odile ba."

"Ba na rantsuwa kafin in ji."

"Taba nake sha. Na yi mata alkawari na daina tun da likita ya yi magana. Ko'ina a gidan nan akwai ido, can ne kawai babu. Ka leƙa ramin bango, duk guntayen suna nan, na fi shekara ina tara su. Giyarsu kuwa, in gaya maka gaskiya, ni ko ta bana ko ta zamanin kakanninsu duk ɗaya nake jin su. Sayarwa na iya."

Lazare ya koma ya leƙa. Guntayen taba cike da rami. Sawun takalmin kuma daga matakala zuwa kusurwa yake, bai taɓa karkata wajen dakali ba. Mutumin da bai san bambancin giya ba, ba zai tsaya jiran guggubi ba. Ya ji haushi ƙwarai, don ya so a ce wannan ɗan gayun ne.

*

Da azahar ya shiga mashayar Berthe, inda rabin gari ke cin abincin rana. Ana ganinsa aka fara.

"Ga lauyan 'yan Fotugal!"

"Lazare, nawa ya ba ka? Ko kai ma an ɗanɗana maka?"

"Ku ci gaba da haushi, ni na saba da karnuka." Lazare ya nufi wajen Berthe.

Berthe ta toshe hanci da gefen riga. "Tsaya nan! Kada ka ƙara taku ɗaya. Mutane na cin abinci, Lazare, me ya mutu a jikinka?"

"Ni? Yau ko lofe ban kunna ba."

"Wallahi mushe kake ɗauke da shi. Fita!"

Ya laluba babban aljihun bayan kwat ɗin, ya zaro guntun fatar alade da yake jan ta a ƙasa in yana horar da karyar. Tun farkon watan ya manta da ita a ciki. Ta yi kore, ta yi yauƙi. Shi hancinsa taba da jinin daji sun daɗe da kashe rabinsa, bai ji komai ba. Mutane suka watse daga kusa da shi ana tsaki ana dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya tsaya da fatar a hannu. Odile da gyale a fuska. Amélia da taga. Gaëtan da kujerarsa. Kowa ya ji. Mutum ɗaya ne ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a ɗakin da ba iska, ya ce masa ya zo tsaf kamar mutum. Kuma a ɗakin nan aka shekara ana busa taba, mai hancin da ya kori matar magajin gari bai ce uffan ba.

Ya jefa fatar a kwata ya zauna a bakin rijiyar dandali. Ya yi shekara sittin yana neman ranar da zai kayar da Philibert, yau ga ta ta zo, kuma bai ji daɗin komai ba. Sai da ya tuna farantan Amélia sannan ya tashi.

Ya sami Philibert shi kaɗai a gona. Ya ce, "Na san wanda ya yi. Kai ma ka sani. Ka sauka gidan Tiago yau, ni kuma in koma wajen aladuna, ba wanda zai ji daga bakina."

Philibert ya dube shi ido cikin ido. "Ban san me kake faɗi ba. Fita mini daga gona."

*

Ranar Asabar da hantsi Odile ta tara su a ɗakin ƙasa kamar yadda Lazare ya nema: ubanta, mijinta, Tiago da Amélia, sai Fada don a sami shaida. Lazare ya yi wanka, ya sa rigar zuwa jana'iza.

Ya ce, "Wanda ya yi wannan aiki ba sayarwa ya yi ba, ba kuma sha ba. Yana buɗewa, ya zauna da ita, ya zubar. Sannan ya cika kwalbar ya mayar don kada jeri ya nuna giɓi. Kafin in faɗi sunansa ina so a tabbatar mini waɗanda suka rage na gaske ne. Odile, kin yarda a buɗe ɗaya?"

"Buɗe."

Tun jiya ya sa ta tsayar da ɗaya daga saman jeri. Ya cire toshin a gaban kowa, ya zuba wa Fada kaɗan. Fada ya shaƙa, ya lumshe ido. "Ita ce. Ganyen kaka bayan ruwa, da busassun 'ya'yan itacen ceri. Allah ya ji ƙan matarka, Philibert, ita ta tsinko rabin inabin nan da ciki."

Lazare ya ce, "Fada yana da kirki, komai aka ba shi yabawa yake. Ni hancin gari nake so in ji. Yadda kuke yi a gasa, Philibert, ido a rufe, ba kai wa baki. Ko tsufa ya hana?"

"Ni za ka gwada a ɗakina?"

"In ba za ka iya ba ka faɗa, sai a kira wani daga bayan tudu."

Lazare ya san inda ya taɓa. Philibert ya fizge wani adiko daga hannun 'yarsa ya ɗaure idonsa da kansa. Lazare ya karkata kwalbar a kan wani kofi har kowa ya ji ƙarar zuba, ya ajiye wannan a gefe, ya miƙa masa wani da ya cika tun ɗazu a famfon wanke ganguna. Odile ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Philibert ya juya kofin yadda ya saba, ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo.

Ya ce, "Ita ce. Ceri, da ganye, da ɗan ƙanshin fata daga baya. Ta kai ƙarshen ƙarfinta, nan da shekara biyar za ta fara sauka."

Gaëtan ne ya fara wata 'yar dariya, Odile ta juyo ta dube shi, ya haɗiye ta.

Ta ce, "Baba, cire adikon."

Ya cire. Ya dubi ruwan famfo a kofin ya daɗe. Sannan ya ja 'yar kujerar nan mai ƙafa uku daga bayan wata ganga daban, inda ba wanda ya san tana nan, ya zauna, ƙafafunta suka faɗa daidai cikin ramukansu.

"Tun zazzaɓin da na yi shekara biyu da suka wuce," in ji shi. "Na tashi da safe ban ji ƙanshin kofi ba. Na ce zai dawo. Duk cikin abin da na taɓa yi a duniya, ba ƙanshin da na sani kamar na shekararki, Odile. Na ce in akwai abin da zai tashe shi, ita ce. Na buɗe ɗaya, ruwa. Na ce wataƙila kwalbar ce ta lalace. Na buɗe wata."

"Da ka gaya mini, da ni zan riƙa buɗe maka su."

"Da na gaya miki, da kafin kaka kin karɓe ganguna, gari kuma ya naɗa wani alƙali. In zama me? Tsoho mai ciwon gwiwa a bakin ƙofa?"

Lazare ya ce, "Hancinka ba laifinka ba ne, kwalabe kuma tsakaninka da 'yarka. Amma kana tsaye aka kira sunan mutumin nan, ka bar shi, har ka sa masa rana. Wannan ba zazzaɓi ya sa ka ba."

"Kai dai ka samu abin da kake so. Kada ka sake taka gidana."

"Ba na sha'awa."

Fada ya yi gyaran murya. "To, tun da gaskiya ta fito, gobe bayan addu'a zan faɗa wa jama'a cewa Tiago…"

"Ba sai ka wahala ba, Fada."

Tiago ne, karo na farko da ya yi magana. Ya matso gaban kujerar.

"Maigida, na san hancinka ya tafi tun bara waccan, ranar da ka leƙa gangar da ta fara wari ka ce lafiya lau. Na gyara ta ban gaya wa kowa ba, har matata sai daga baya. Na ga kwalba a kan dakali, na kau da kai. Da aka kira sunana na ce tsoro ne ya kama shi, zai huce, zai sauko. Kullum ina zaune ina kallon hanyar gona. Ko da ba ka ce komai ba, ka tsaya a ƙofa kawai, da ya ishe ni. Ba ka zo ba."

Philibert bai ɗago ba.

Odile ta riƙe hannun Tiago tana kuka. "Gidan naku ne, zan sa a rubuta muku shi da sunanku. Daga yau ni ke da magana a nan. Don Allah ku kwance kayan."

Amélia ta dubi mijinta. Lazare ya ga yadda take so ya ce to, har leɓenta na motsi. Tiago ya zare hannunsa a hankali, ya ciro makullin daga aljihu ya ɗora a kan dakali.

"Na gode, 'yata. Amma taga ɗaya ce a ɗakin girkinmu, kuma gidansa take kallo."

*

Ranar Lahadi ƙanen Amélia ya zo da motar kaya. Mutanen gari, waɗanda yanzu kowa ya tuno cewa dama shi bai taɓa zargin Tiago ba, suna coci. Matar mai burodi ta aiko da babban burodi kyauta, Amélia ta ce a mayar mata.

Lazare ne kaɗai ya zo taya lodi. Sun ɗora katifa, sun ɗora tebur. Da aka gama Amélia ta karɓi almakashin mijinta ta datso reshe ɗaya daga itacen ɓauren, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ta shiga gaba ta zauna tana kallon hanya.

Tiago ya miƙa wa Lazare hannu. "Ka wanke mini suna."

"Na so in bar maka gidan ne."

"Na sani."

Motar ta bi ta gaban babban gida a hankali saboda ramuka. Labulen sama ya motsa, amma ƙofa ba ta buɗe ba, Tiago kuma bai sa an tsaya ba.